Lamine Yamal ko Désiré Doué: wa ya fi iya buga wurare da yawa, wa zai fi nisa?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. An haifi Yamal, ɗan wasan Barcelona da Sifaniya, a 2007, Doué na PSG kuma a 2005. Idan koci zai gina ƙungiya a kan ɗayansu, wa ya fi amfani a wurare daban-daban, wa kuma ake ganin zai fi nisa? Ina son hujja daga cikin fili, a ajiye son Barcelona ko PSG a gefe.

Lamba Takwas: Wa alaikumus salam. Kan yawan wurare, Doué ne. Luis Enrique, kocin PSG, yana sa shi gefen dama, ya mayar da shi hagu, wani lokaci ya sauko da shi tsakiya kusa da Vitinha. Tun yana tsohuwar ƙungiyarsa Rennes ya saba da tsakiya, shi ya sa yake iya karɓar ƙwallo da mutum a bayansa, ya kare ta da jiki, ya juya. Ku duba wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2025, da PSG ta ci Inter 5-0. A ƙwallon farko cikin da'ira ya karɓa, ya ɗaga kai, ya miƙa wa Hakimi da ke tsaye gaban raga ba kowa. Daga baya ya ci biyu da kansa. Aibinsa riƙe ƙwallo: yakan ƙara yanka ɗaya bayan hanya ta buɗe, kafin ya saki 'yan baya sun koma.

Bahago: Malam, na yarda da rabin maganarka. Yamal wuri ɗaya yake tsayawa, gefen dama, amma daga nan abu uku yake yi, lamba uku, wato ɗan bayan hagu da ke tsaronsa, bai san wanne zai zo ba. Ka rufe masa ciki, ya bi layi. Ka ja da baya, ya lanƙwaso ta da hagu zuwa kusurwar nesa, kamar wadda ya ci Faransa a Euro 2024 yana ɗan shekara 16. Ka matso, ya jefa kuros da bayan ƙafa zuwa turken nesa inda Raphinha ke shigowa. Dole kocin abokan karawa ya sa masa mutum biyu, sai tsakiya ta buɗe wa Pedri, ɗan tsakiyar Barcelona. Ni a wurina wannan ya fi sauya lamba tsada. Doué yana cike gurbi a tsarin da aka riga aka gina, Yamal kuwa dominsa ake zana tsarin.

Tsohon Lamba Biyu: Yamal ma akwai maganinsa. Nuno Mendes, ɗan bayan hagu na Portugal, ya nuna haka a wasan ƙarshe na Nations League, gasar ƙasashen Turai, da suka buga da Sifaniya a 2025: ya manne masa tun kafin ƙwallo ta iso, bai yi saurin kai ƙafa ba, ya tura shi kan ƙafar dama. Kuma ba kullum Yamal yake dawowa tsaro ba, nauyin kan faɗa kan Koundé, ɗan bayan dama na Barcelona. Doué ya fi shi bin mutum idan an rasa ƙwallo.

Duk da haka Yamal zan ɗauka, don yaron da ya zo na biyu a Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, yana shekara 18 ba kullum ake samunsa ba. Abin da nake tsoro shi ne jiki. Ansu Fati, wani matashin Barcelona a lokacin, ya ji ciwon gwiwa a 2020 bai sake komawa yadda yake ba, Pedri ya buga wasa sama da 70 a kaka ɗaya ya yi ta fama da ciwon cinya, shi kansa Yamal ciwon matsematsi ya dame shi a 2025. Idan Barcelona da Sifaniya ba su rage masa mintuna ba, Doué na iya wuce shi.