Neman shawara: kuɗin kayan ɗakin 'yata sun ragu a asusun zuba jari, in cire ko in jira?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, kwana biyu ke nan ban runtsa ba. Marigayi maigidana ya bar fili a Danbare, shekara shida muna kai ruwa rana da ƙannensa a kansa, sau biyu muna zuwa gaban mai unguwa. Ƙaramin ma har yau ba ya gaishe ni in mun haɗu wajen suna, alhali a gidana ya zauna lokacin yana karatu a BUK, ni ke zuba masa abinci. Daga ƙarshe dai aka sayar aka raba, na ware naira miliyan 4 don kayan ɗakin Ummi, bikinta bayan Babbar Sallah. Na ƙi ajiye su kusa, don kowa sai ya zo da tasa matsalar. Sai wani yaro ɗan maƙwabtanmu da ke aiki a kamfanin zuba jari ya ce in saka a asusun haɗaka, inda ake tara kuɗin jama'a masana su juya, wai ya fi a bar su a banki tsadar kaya na cinye su. Wata biyar ke nan. Shekaranjiya ɗana ya duba a waya, miliyan 3 da dubu 710 ya gani. Na kira yaron, ya ce in na cire yanzu za a ci ni tarar kashi 2 cikin ɗari don ban cika wata shida ba. Ga kafinta na jiran kafin alƙalami. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Kin ba mu labarin fili tiryan-tiryan, amma wane irin asusu ne? Shekara 14 na yi a banki, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai sayen takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, shi da wuya uwar kuɗi ta taɓu. Akwai mai sayen hannun jarin kamfanoni, shi yau sama gobe ƙasa. Ina takardar da kika sa wa hannu?

Maman Ummi: Da Turanci take Alhaji, ya nuna min inda zan sa hannu na sa. Ɗana ya ce na hannun jari ne, kuma wai tun ranar farko miliyan 3 da dubu 920 aka rubuta.

Baban Khalifa: To ga zancen ya fito. Dubu 80 sun tafi tun kafin kuɗin su kwana, kuɗin shiga ke nan, kashi 2 cikin ɗari, kuma sau da yawa daga irinsa ake biyan la'adar wanda ya kawo mutum. Sannan akwai kuɗin kula da asusu da ake yanka duk shekara, a ci riba ko a faɗi. Ba a turo miki saƙo a kansa, a cikin farashin ake zare shi kaɗan-kaɗan. In nasu kashi 2 ne, a wata biyar ya haura dubu 30. Sauran giɓin kasuwa ce ta sauka. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Babban laifin shi ne a ɗauki kuɗin bikin da ya rage wata bakwai ko takwas a zuba a hannun jari, abin da ake shiga da kuɗin da ba za a nema ba sai bayan shekara uku zuwa biyar. Wajibi ne mai ba da shawara ya tambaye ki yaushe kike buƙatar kuɗin, kuma za ki iya jure asara ko a'a. Ya tambaye ki?

Ɗan Kwari: Hajiya ki cire yau ɗin nan. Ni a 2008 na sayar da motata na sayi hannun jarin bankuna, kowa a layinmu ya saya, dillalin har shago yake biyo mu. Da kasuwar ta rushe ko waya ya daina ɗauka. Takardun na nan a durowa, ko ƙosai ba za a naɗe da su ba. Da atamfa kika saya kika jibge a ɗaki da yanzu kin ci riba.

Ummu Sadiq: Ni tambayata, an bincika halaccinsa kuwa? Wasu asusun cike suke da hannun jarin kamfanin giya da bankunan kuɗin ruwa. Akwai na halal, ga sukuk, wato takardun jari na tsarin Musulunci, da gwamnati ta fara fitarwa a 2017 ana gina tituna da shi. Ni dai adashe na riƙe, shi ma bara uwar adashen ta gudu da kwasata, har yau muna zarya a ofishin 'yan sanda.

Baban Khalifa: Ɗan Kwari, lissafi ake yi ba fushi ba. Tarar kashi 2 a kan miliyan 3 da dubu 710, dubu 74 da ɗari 2 ke nan. Saura wata ɗaya tarar ta faɗi, don me za ta ba su kyauta?

Ɗan Kwari: In kasuwar ta ƙara sauka a watan fa? Kai za ka cika mata? Ga katifa kullum sabon farashi.

Maman Ummi: Don Allah kar a ɗauki alhakin yaron nan. A gabana ya girma, ajinsu ɗaya da babban ɗana, ranar rasuwar maigidana shi ya yi ta jigilar mutane zuwa maƙabarta. Ya yi min tambayoyi a wani fom, na ce ya cike kawai, shi ya san kan abin. Kuma ya san da bikin, uwarsa ce ma za ta yi mana alkaki.

Baban Khalifa: Ya san da bikin kuma ya saka ki a nan? Hajiya ai kin ƙara ɗaure shi. Ki nemi kwafin fom ɗin ki ga me ya rubuta a madadinki. Ina kyautata zaton ya sa cewa kina son jari na dogon lokaci. Ki rubuta wa kamfanin ƙorafi, a buga hatimi a ba ki kwafi. In ba su yi komai ba sai hukumar SEC, ita ke sa ido a kan irin waɗannan asusun, suna da ofis a nan Kano.

Abban Fati: Ba gwamnati ke biyan mutane ba in kuɗi sun salwanta? Ni dai tun damfarar MMM a 2016 na tuba, bara kuma ƙanina ya faɗa wata irinta mai suna CBEX duk da na hana shi.

Baban Khalifa: Inshorar NDIC ta ajiyar banki ce, har miliyan 5 tun 2024, kuma sai banki ya durƙushe. Ba ruwanta da wannan. Kar kuma a haɗa shi da MMM, asusu mai rajista daban ne, kuɗinta na nan, kawai ba gurbinta ba ne.

Anti Binta: Yaya, ni shawarata ki cire rabi ki ba kafinta, rabi ya jira watan. Zancen hukuma kuma ki yi a hankali, maƙwabtaka ta fi dubu 80.

Baban Khalifa: Irin wannan kawaicin ne ya sa suke yi wa iyayenmu mata yadda suka ga dama.

Maman Ummi: Alhaji ni ba zan kai ɗan mutane ƙara ana saura wata biyu biki ba, da wane ido zan kalli uwarsa? Kuma ya ce min kasuwar na dab da tashi, wasu ma ƙara kuɗi suke yi yanzu. Ai da a gida na ajiye su da tuni dangi sun cinye. Ya ce zai shigo bayan magariba mu yi magana.

Baban Khalifa: Ki ce ya zo da fom ɗin, kuma ki tambaye shi nawa ya samu a cikin dubu 80 ɗin nan.

Ummu Sadiq: Maman Ummi, kafintan naki a ina yake? Nawa ya ce miki saitin gado da kujeru? Ni ma tawa na tafe.