Ƙwan tarwada na yin fari tun da hunturu ya kama, ina matsalar?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina Garin Malam, ina ƙyanƙyasar tarwada a bayan gida. Da damina lafiya lau, amma tun shigowar sanyi sau biyu ke nan ina asara. Na tatse uwa da la'asar, na baza ƙwan bisa raga cikin baho, washegari rabi ya yi fari fat, sauran kuma shiru har awa 40. Ƴan kaɗan da suka fito ma ba kuzari. Iyayen ne ko ruwan? Abin ya dame ni ƙwarai, kuɗin allurar da ake yi wa uwa don ƙwanta ya nuna ma rance na ci.

Wani dattijo daga Mirya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka taɓa auna ɗumin ruwan da asuba? Na rana ba shaida ba ne. Ƙwan tarwada ya fi son digiri 27 zuwa 30, a haka kwana ɗaya ya ishe shi. A Damagaram kuwa daren Janairu iska na sauka ƙasa da 20, ruwan baho kuma ba zurfi, nan da nan yake bin ta. Sanyi na jinkirta girman ɗan da ke ciki. Yana daɗewa kan raga, wanda ya mutu ya yi fari, farin gansakuka ya kama shi ya bi na kusa. Allurar ma sanyi na ja mata lokaci, wataƙila ka tatse uwar ƙwan bai gama nuna ba.

Wani matashi daga Zango:
Yaya, ka riƙa zuba ruwan zafi daga buta mana.

Wata mai kiwo daga Birni:
A'a ɗana, kar ya kuskura! Canji farat ɗaya shi ke kashe ƙwai. Ya surka ruwan a tanki tukuna, ya auna, sannan ya sake shi a hankali. Ko ya cika bido da ruwan ɗumi, ya toshe, ya jefa a tankin. Ya kai bahon cikin ɗaki, ya rufe taga da leda. Kuma bazara na nan tafe da tata fitinar: ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, in ya haura 33 za ka ga ƴaƴa masu lanƙwasasshen baya.

Mai tambaya:
Baba, na auna yau bayan sallar asuba, 19 na gani. Hajiya na gode, na share ɗakin ajiya, bahon zai kwana can. Sai na ga ruwan ya tsaya a 28 dare biyu kafin in yi wa wata uwar allura.