Karatun likita a Tajikistan, wa ya taɓa kai ɗansa?

Baban Husna: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama aji biyu na karatun likita a Khartoum, yaƙin 2023 ya koro su, har yau tana gida. Wani eja ya kawo mana maganar wata jami'a a Dushanbe, babban birnin Tajikistan, wai dala 4,000 a shekara har da ɗakin kwana. Tambayata biyu ce: za a bar ta da hijabinta? Kuma za ta ɗora daga aji uku ne, ko sai ta koma farko?

Auwalu Fagge: Alhaji kada ka soma. Ƙasar 'yan Taliban ce.

Dakta Mansur: Auwalu, Afganistan kake nufi. Maƙwabta ne, kogin Panj ya raba su. Tajikistan cikin Tarayyar Sobiyat take har 1991, suka yi yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997, kuma tun 1992 Emomali Rahmon ke mulki. A can na yi karatu. Alhaji, mutanen Tajikistan Musulmi ne, yawancinsu 'yan mazhabar Hanafiyya, amma gwamnati ta matse addini sosai. A 2024 ta yi dokar hana tufafin da ta kira baƙi ga al'adarsu, hijabi na ciki, har da tara. Matansu ɗankwali suke ɗaurawa ta ƙeya. Mata ba sa zuwa masallaci, kuma an sha kama matasa a aske musu gemu.

Auwalu Fagge: To ni da gemuna ya kai ƙirji an hutar da ni kuɗin jirgi.

Maman Faruk: Ni dai ban yafe ba. Dala 6,500 eja ya karɓa a hannunmu, sai da na sayar da filina na gado. Yaro ya bi ta Dubai ya sauka Dushanbe cikin Disamba da 'yar rigar sanyin da muka saya a gwanjo, babu wanda ya zo tararsa. Allunan duk rubutun Rasha ne, ko sunan titi ba ya iya karantawa. Wasu ɗalibai 'yan Pakistan ne suka tausaya suka kai shi ɗakinsu, a ƙasa ya riƙa kwana, gurasarsu da koren shayi ne abincinsa. Da ya je rajista aka ce rabin kuɗin kawai ya shigo. Na kira eja, waya a kashe. Na je ofishinsa, na tarar ana sayar da tayil.

Ummu Salma: Innalillahi! Hajiya ya dawo?

Maman Faruk: Yana can, mun ci bashi mun cika. Yanzu kukansa asibiti. An ce mana da Turanci ake koyarwa, a aji haka ne, amma tsohuwar da ta zo daga ƙauye da ciwon ciki Tajikanci take ji, in ta yi ƙoƙari Rashanci. Ya tsaya kanta da abin awo yana kallonta tana kallonsa.

Sani Maradi: 6,500? Ƙanina 3,500 yake biya.

Ummu Salma: Mu 5,000 aka ce mana, ban da abinci.

Dakta Mansur: Kowa da ejansa. Ku nemi takardar kuɗi daga makarantar kanta.

Injiniya Bello: Ni na je aiki, kuma ban ga mutane masu karamci irinsu ba. Ka tsaya tambayar hanya sai an zaunar da kai an kawo shinkafarsu da suke kira osh. Sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar duwatsu ne. Mun bi hanyar duwatsun Pamir zuwa garin Khorog, sai da takardar izini ta daban, yini guda cur a mota, Afganistan ga ta nan a tsallaken ruwa. Suna da madatsar ruwa ta Nurek mai samar da lantarki, mai tsayin mita 300, amma duk da haka da sanyi ana rabon wuta a ƙauyuka.

Maman Faruk: Injiniya, kai da kamfani ya ajiye a otal da direba, me ka sani game da ɗalibi? Alhaji 'ya mace zai tura.

Injiniya Bello: Hajiya, ke kuma ba ki taɓa taka ƙasar ba, labarin waya kike ba mu.

Dakta Mansur: Ku yi haƙuri. Da ƙasar na da aiki ai da samarinsu ba su cika Rasha suna leburanci ba. Karatu za a je, a dawo.

Sani Maradi: Rabon wuta kuma? Ashe gida za ta je.

Ummu Salma: Dawowar ma ai ita ce abin ji. Ɗan yayata ya gama a waje, ya zauna jarrabawar samun lasisi a nan, bai ci ba, ya sake biya. Wanda ya ci kuma neman gurbin aikin koyon shekara ɗaya ya gagare shi, sai mai hanya.

Auwalu Fagge: Wani ma cewa aka yi ya kawo na goro kafin a duba takardarsa.

Maman Faruk: Nawa suka ce? Gara in fara tari tun yanzu.