Wane suna za mu raɗa wa «tectonique» da Hausa?

1/ Jama'a, ku taimaka. Ni mushen SVT ne (kimiyyar halittu da ta ƙasa) a nan Maradi, kuma wani gidan rediyo ya nemi in yi bayanin girgizar ƙasa da Hausa zalla. Na zauna shirya darasi sai na cije a kalmar farko. Shekara da shekaru ina rubuta «tectonique des plaques» a allo, ashe ban san yadda zan faɗa wa tsohuwata ba.

2/ Asalin kalmar Girkanci ne, tekton, wato magini ko kafinta. To sai na ce «ilimin ginin ƙasa». Yayata ta kwashe da dariya: «Kai ƙane, ginin ƙasa ai shi ne ɗakinmu na Tibiri da damina ke ci kullum.» Wani kuma zai zaci jawabin ƴan siyasa ne kan gina ƙasa. Na soke. «Motsin ƙasa» ma bai yi ba, don kowa girgiza zai ji, alhali girgiza ɗan ƙaramin reshe ce na maganar.

3/ Ga abin da kalmar za ta ɗauka. Ɓawon duniya ba guda ba ne, a fashe yake gida-gida, kuma kowane ɓangare yana tafiya, santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Bajamushe Alfred Wegener ya kawo zancen tafiyar nahiyoyi a 1912, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 binciken ƙarƙashin teku ya tabbatar. Inda ɓangarori suka yi karo, duwatsu na tashi: Indiya ta tunkuyi Asiya kusan shekara miliyan 50 da suka wuce, Himalaya ta fito. Inda suka rabu, teku ya shiga tsakani.

4/ Ɓangarorin nan, «plaques», na ga masu fassara suna ce musu «farantan ƙasa». Don Allah a bari. Faranti na shinkafa ne, kuma gefensa sumul yake, ba ya haɗuwa da na kusa da shi. Ni «sakaina» nake so. Ƙwarya ce guda ta fashe, kowace sakaina da lanƙwasarta, kuma in ka kanga biyu bakinsu ya dace. Ɗauki taswira ka dubi gaɓar Brazil da lungun tekun Gine, ka gaya mini in ba fasasshiyar ƙwarya ba ce. Har wurin da nahiyoyi biyu suka manne, masanan «suture» suke ce masa, ɗinki. Gyartai ya riga su.

5/ Wani ɗan'uwa daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya yi gyara, kuma ya yi gaskiya: in an ce sakaina, mutane za su ɗauka kan ruwa take yawo. Abin da ke ƙarƙashi ba ruwa ba ne, dutse ne mai zafi da ke malala a hankali ƙwarai, kamar kwalta a ranar Afrilu. Na karɓa. Zan riƙa faɗin haka a bayani, amma sakaina tana nan.

6/ Yau da hantsi na je wurin wani dattijo maɗori a unguwarmu, don «faille» ta hana ni barci. Da yawa kun ce «tsaga». Matsalar ita ce masana sun raba biyu: akwai dutsen da ya tsage amma kowane gefe na wurinsa, akwai wanda ya tsage gefe guda ya zame. Na biyun ne faille, kuma zamewar ce ke girgiza ƙasa, kamar ta Turkiyya ran 6 ga Fabrairu 2023 da ta Maroko ran 8 ga Satumba 2023.

Na ce, «Baba, in ƙashi ya tsage bai bar wurinsa ba fa?»
Ya ce, «Tsagewa ke nan, ɗana, ɗauri kawai.»
«In ya bar wurinsa?»
«Ya goce. Wannan sai an ja.»

Na kusa rungume shi. Tsaga ga ta farko, «gociya» ga faille. Kuma ba maganar nesa ba ce. Akwai babbar gociya da ta miƙe kudu da arewa ta Arlit, kuma ma'adinin uranium na can yana kwance ne kusa da ita. Man Agadem da ake tacewa a Zinder tun 2011 ya taru ne a kwarin Termit, wanda ya buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Ƙasarmu ta so darewa a nan, ta fasa, kwarin Binuwai ma ɗan wannan zamanin ne.

7/ «Pli» ba gardama: ninki, kamar na zane.

8/ Saura «déformation». An kawo «nakasa», na ƙi, dutsen ba ciwo ya ji ba. An kawo «lalacewa», shi ma a'a. «Jirkicewa» ta fi kusa: abu yana nan amma siffarsa ta sauya. Iri biyu ce kuma. Kusa da doron ƙasa, inda sanyi yake, dutse na da gautsi, karyewa yake. Can ƙasa cikin zafi da danniya yana da danƙo, sai ya lanƙwashe ya miƙe. Wanda ke son gani da ido ya bi hanyar Madarunfa zuwa wajen Dan Isa, inda tsoffin duwatsun gindi suka leƙo daga ƙarƙashin yashi; jirkicewarsu ta kai wajen shekara miliyan 600.

9/ Gautsi da danƙon nan ne suka kai ni maƙera. Ƙarfe da sanyi ka buga ya ƙi ko ya karye, ka zuga shi ya yi ja ya bi hannunka. To me zai hana tectonique ta zama «ƙirar ƙasa»? Ƙira aiki ce ta wuta da bugu, ƙira kuma siffa ce, kamar yadda muke cewa ƙirar jikin mutum. Ta riƙe ma'anar maginin nan na Girkawa ba tare da ta faɗa ɗakin yayata ba. A Ingila, ƙungiyar masana duwatsu ta Landan da aka kafa a 1807 tana da reshe mai suna Tectonic Studies Group, masu haɗuwa kowace shekara kan wannan fanni kaɗai. Da Hausa sai mu ce masu nazarin ƙirar ƙasa da jirkicewar duwatsu. Na faɗa da ƙarfi sau uku, harshe bai sarƙe ba.

10/ Wata malama daga Katsina ta ce a bar «tektonik» kawai, kamar yadda muka bar rediyo. Hajiya, rediyo ana ganinta a hannu, sunan ya zauna da kansa. Wannan ba a gani, sai sunan ya yi rabin bayanin. A takardar jarrabawa yara su rubuta ta Faransanci, ba ni da ja.

11/ Ran Asabar zan shiga da ƙirar ƙasa, sakaina, gociya, tsaga, ninki da jirkicewa. Inda sakaina guda ke nutsewa ƙarƙashin wata, kamar a gaɓar Japan da Chili, har yanzu ban samu ba. Wani ya ce «kutse», wani «nutso». Baba maɗori ya ce in dawo bayan la'asar.