Waɗanda suka taɓa zuwa ziyara Fas, a ina kuka sauka? Zan kai Hajiyarmu

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda Allah ya nufa suka taɓa zuwa Fas ta ƙasar Maroko ina neman shawararku. Hajiyarmu ta daɗe tana burin ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, tun Baba na da rai suke maganar, to bana Allah ya hore mun haɗa kuɗi ni da ƙannena, biza ma ta fito, ni zan raka ta a watan Janairu in sha Allahu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne masauki. Shekarunta 71 kuma gwiwa na damunta, a zaune take sallah. Na duba a waya na ga gidaje na cikin tsohon gari da suke kira riyad, masu kyau kamar a ɗauka a gudu, na kuma ga otal-otal a sabon gari. Wanne ya fi? Wanda ya kwana can da kansa nake so ya gaya min, ba wai an ce ba.

Wani Alhaji daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri da wannan hidima ɗana, ya ba ka masu yi maka. Na je sau 2. Abu na farko da za ka sa a ranka, mota ba ta shiga cikin tsohon gari, wato Fas al-Bali, ko kaɗan. Ba wai hanawa kawai aka yi ba, lungunan ne ba za su ɗauka ba, wani wajen in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango, kaya ma a kan alfadari da jaki da ƴar kura ake shiga da su, za ka ji ana "balak, balak" wato a kauce. Ana cewa lungunan sun kai 9,000. Saboda haka tambayar da za ka yi wa duk mai masauki ba wai ɗakin na da kyau ba, ka tambaye shi a ina tasi za ta sauke mu, kuma daga nan tafiyar minti nawa ce, hawa ne ko gangara. Don garin a kan gangare yake. Zuwana na farko a kusa da Bab Bujulud na sauka, ƙofar nan mai shuɗin ado da kowa ke hoto a gabanta, unguwa ce mai daɗi ga abinci ga tasi nan kusa a dandalin Badha, amma daga nan zuwa zawiya sai ka bi babban lungun da ake kira Dala'a Kabira ka yi ta gangarawa, ni da ƙafata lafiya sai na yi kusan minti 25 saboda cunkoso. Zuwa ba wuya, dawowar ce aiki, hawa ne tun daga ƙasa har sama. Hajiya ba za ta iya wannan sau biyu a rana ba, kar ma ka gwada.

Wata Hajiya daga Damagaram:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni kuma bari in ƙara maka da abin da hoto ba ya nunawa, matakala. Mu 4 muka je mata, sai ɗan yayata, muka kama riyad a waya saboda mun ga tsakar gida da famfo na feshin ruwa da bishiyar lemo da adon bango, kuma wallahi haka yake ba ƙarya a hoton. Amma da muka isa sai aka ce ɗakinmu a hawa na 3 yake. Matakalar gidajensu ba irin tamu ba ce, siririya ce tana murɗawa, kowane taki dogo sai ka ɗaga ƙafa sosai, ga duhu, babu lifta babu ƙarfen riƙewa sai bango. Babbarmu da ta hau daren farko sai da ta zauna a tsakiya tana haki, washegari ba ta sauko ba sai la'asar, ranar ziyara guda ta tafi a banza, abin ya yi min ciwo don ita ce ta fi mu ƙwazon tafiyar. Sai a rana ta 3 da wasu Turawa suka tashi aka ba ta ɗakin ƙasa. To ɗana ka rubuta musu tun yanzu, ka ce ɗakin ƙasa kake so mai banɗaki a ciki, su turo maka bidiyo daga ƙofar gida har bakin gado ka ƙirga matakalar da idonka. Wani ɗakin sunansa na ƙasa amma banɗakin sai an hau.

Mai tambaya:
Ikon Allah, ni ko tunanin matakala ban yi ba. Na gode Hajiya, na gode Baba Alhaji. To ke nan sabon gari ya fi mana?

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari:
Ni dai a sabon gari nake sauka kullum, kuma ban taɓa nadama ba. Nan tashar jirgin ƙasa take, in ka taso daga Kasabalanka kamar awa 4 ne, kana fitowa ka samu ƙananan tasi jajaye, ka ce ya kunna mita, mutum 3 kawai suke ɗauka. Otal ɗin wajen titin Hasan na II akwai lifta akwai ruwan zafi akwai kantin magani a kusa, mota har bakin ƙofa. Faransawa suka tsara wannan ɓangaren bayan sun shigo 1912 shi ya sa titunan ke da faɗi. In za ku zawiya ku hau tasi ku ce Rasif, dandali ne a ƙasan tsohon gari inda mota ke iya kaiwa, daga nan ku taka ta wajen maƙeran tagulla na Saffarin ku bi gefen masallacin Ƙarawiyyin, ba nisa sosai. Sai dai ni harkar kaya ke kai ni, jallabiya da takalman balga nake saro wa, ziyara sau ɗaya nake shiga in fito, don haka ka auna maganata da wannan.

Wani Malami daga Gusau:
Alhaji na Kwari ya yi adalci da ya faɗi haka, don a nan bambancin yake. Wanda ya je sarin kaya da wadda ta yi shekaru tana jiran wannan rana ba buƙatarsu ɗaya ba. Ni a unguwar Balida na sauka, ita ce unguwar da zawiyar take, a gidan wasu mutane da ke ba maziyarta haya, yawancin baƙinsu ƴan Senegal ne da Mali da mu. Ba gida ne na ado ba, katifu ne dogaye jere da bango irin zaurensu, banɗaki ɗaya muke haɗawa da wasu, amma daga ƙofa zuwa zawiya bai fi ka yi salati kaɗan ba ka isa. Abin da na samu a nan otal ba zai ba ni ba. Asuba na yi sai in ji takun mutane a lungu in bi su, a yi sallah, a zauna karatun hizbi baki ɗaya da ƙira'ar Warshu irin wadda muka taso da ita a makarantar allo, mazhabarsu ma Malikiyya ce kamar tamu, sai ka ji kamar kana gida. Ranar Juma'a bayan la'asar kuwa wajen zikiri cika yake, in daga sabon gari za ka taso sai ka yi sammako sosai. Shehu ya shigo Fas 1798 ya rasu 1815, a nan cikin zawiyar aka binne shi, kuma tun daga lokacin ƙafar mutanenmu na yamma ba ta ɗauke daga lungunan nan ba, shi ya sa ko yaran unguwar suka gan ka da babbar riga za su nuna maka hanya suna cewa Sidi Ahmad Tijani tun kafin ka tambaya. Na ga wata tsohuwa ƴar Kaulaha ta Senegal da ake kawowa a keken guragu kullum da hantsi, jikanta na turawa, maƙwabta na taya shi ɗagawa a inda akwai tudu. Da a nesa suka sauka da ba za ta samu haka ba. Shawarata ka nemi na kusa, amma da sharaɗin da Hajiyar Damagaram ta faɗa.

Wata ƴar'uwa daga Kaduna, ma'aikaciyar jinya:
Malam a yi min afuwa zan kawo abu biyu game da Balida don ni ma can muka sauka da mahaifiyata. Na farko wari. Majemar Shuwara tana nan kusa, inda suke jiƙa fata a ramuka da kashin tattabara da farar ƙasa, duk wanda ya san unguwar majema a gida ya san abin da nake nufi, har ganyen na'ana'a ake miƙa wa masu zuwa kallo su kanga a hanci. Ba kowane gida yake kaiwa ba, ya danganta da lungu da iska, namu da rana in an buɗe rufin sama ana ji. Mama na da asma sai da muka riƙa rufe ƙofa. Lokacin zafi muka je, an ce da sanyi ya fi sauƙi, amma dai ka tambaya.
Na biyu kuma shi ya fi damuna tunda ka ce Janairu, sanyi. Kar ka ce ai Afirka ce. Yayana ya je a Disamba ya ce sanyin Jos wasa ne, ga ruwan sama a lokacin suke yinsa. Gidajen tsohon gari an gina su ne don maganin zafi, bango mai kauri, tagogi duk ciki suke kallo, ƙasa duk tayil, rana ba ta shiga ɗakin ƙasa, to ka ga ɗakin da ya dace da gwiwar Hajiya shi ne kuma ya fi kowanne sanyi, sanyi kuwa shi ke tayar da ciwon gwiwa. Dole ka tabbatar akwai hita a ɗakin mai aiki, ba bargo kawai ba, da ruwan zafi na alwala da asuba. Ka saya mata safa mai kauri da takalmi mai kama ƙasa don duwatsun lungun in sun jiƙe santsi gare su. Magungunanta kuma a jakar hannu ba a akwati ba.

Wani ɗan'uwa daga Kumasi:
Ni abin da ya same ni daren isowa ne. Jirginmu ya makara muka iso Fas wajen ƙarfe 11 na dare, mai tasi ya sauke ni a wata ƙofa ya nuna min lungu da hannu ya tafi. Taswirar waya ta rikice, ɗigon nan sai tsalle yake daga wannan lungu zuwa wancan saboda bangaye sun yi tsawo, shaguna duk an rufe, ƙofofi duk iri ɗaya. Wasu samari biyu suka ce hanyar a rufe take su za su kai ni, suka zaga da ni suka nemi kuɗi mai yawa, ban ji daɗi ba amma na ba su don dare ne ga akwati. Da safe na ga ashe gidan bai fi minti 5 daga inda aka sauke ni ba. Mai gidan ya ce da na kira shi da ya turo mai kura ya tarye ni a bakin ƙofa, haka suke yi wa kowa. To Yaya ka karɓi lambar mai masauki, ka sayi layin waya tun a filin jirgi, kar ku sauka daga tasi sai kun ga wanda aka turo. In da hali ma ku shigo da rana.

Wata Anti daga Maraɗi:
Kowa ya yi maganar ƙafa ba wanda ya yi maganar ciki. Tsofaffinmu ba kowane abinci suke iya ci ba. Karin safe a riyad burodi ne da zuma da zaitun da wata waina mai mai da suke kira "msemmen" da shayin na'ana'a mai sukari sosai, in Hajiya na da ciwon suga ka ce a kawo ba sukari tun kafin a dafa. Tajin ɗinsu, wato naman da suke dafawa da kayan lambu a kasko, ba yaji, wani har da busassun ƴaƴan itace masu zaƙi a cikin nama, innata kwana 2 ta ce ita fa ba ta ƙoshi. Abin da ya cece mu gidan da muka sauka sun bar mu mu shiga kicin, na riƙe garin kunu da yaji da kuka da daddawa daga gida, a kasuwar Rasif na sayi nama da kayan miya, na tuƙa mata tuwo da garin samolina. Miyar harira kam ta so ta. A otal ɗin sabon gari ba za a bar ka ka ɗora tukunya ba. Sannan ranar Juma'a yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke, ka yi cefane tun Alhamis.

Alhajin Zariya:
Na manta ban faɗi zuwana na 2 ba. A gefen Rasif na sauka, kuma shi zan ba ka shawara in ba ka samu na Balida mai ɗakin ƙasa da hita ba. Tasi na zuwa har dandalin, in wani abu ya taso da dare Allah ya kiyaye za ka fitar da ita cikin sauƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekaru. Hayaniya ce kawai da rana. Akwai kuma wajen ajiye motoci da ake kira Wad Zuhun ta ɓangaren majema, shi ma ya fi kusa da zawiya, ka tambayi mai masaukin wanne ya fi kusa da ƙofarsa. Kuma za su karɓi fasfo ɗinku su cika takarda, doka ce kar ka tsorata, akwai ɗan harajin kwana da wasu ke karɓa daban a hannu, ka riƙe dirhami ƴan canji.

Mai tambaya:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna. Na karanta wa Hajiya duka a daren jiya, da na zo wajen maganar Malam ta asuba da karatun hizbi sai da ta share hawaye, ta ce ita dai a kai ta kusa ko a tabarma ne. Na rubuta wa gidaje 3 tsakanin Rasif da Balida, biyu sun amsa, ɗaya ya turo bidiyo, matakala 2 ce kawai daga ƙofa zuwa ɗakin kuma na ga hita a jikin bango, ya ce zai turo yaro da kura ya tarye mu. Na tambaye shi maganar wari da kicin ina jiran amsa. Daren farko kuma zan kama mana otal kusa da tashar jirgin ƙasa tunda da dare za mu iso, sai da safe mu shiga. Anti ta Kaduna don Allah keken guragu fa, in taho da shi daga nan ko ana samun haya a can?