Neman shawara: ta ina zan ɓullo wa darasin hana cinikin bayi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar tarihi ce a sakandare, mako mai zuwa zan koyar da yadda aka hana cinikin bayi ta Tekun Atilantika. Littafinmu William Wilberforce, ɗan majalisar Ingila, kawai ya sani, sai shekarar 1807 da Ingila ta hana cinikin. Bara wani ɗalibi ya tsare ni da tambaya: "Malama, wato su suka yi cinikin, su kuma za mu gode wa?" Don Allah bana ta ina zan fara?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye majalisar Ingila tukuna, ki fara da jirgin ruwan Zong. A 1781 ma'aikatansa suka jefa bayi sama da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin kuma suka tafi kotu neman kuɗin inshora, wai sun yi asarar kaya. Wanda ya kai wa Granville Sharp, Baturen Ingila mai yaƙi da bauta, labarin shi ne Olaudah Equiano, tsohon bawa da ya fanshi kansa. Daga nan ki gangaro kan ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi da aka kafa a Ingila a 1787, da Thomas Clarkson da ya riƙa bin tashoshin Bristol da Liverpool yana tattara mari da sarƙoƙi da shaidar ma'aikatan jirage. Wilberforce bakinsu ne a majalisa, ya yi ƙoƙari, amma ba shi kaɗai ba ne.

Amsa ta 2: Wallahi yaron nan ya yi tambaya. Dokar 1807 ciniki ta hana, bautar kanta a ƙasashen da Ingila ke mulka sai 1833, bayan boren da Sam Sharpe ya jagoranta a Jamaika a 1831. Diyyar fam miliyan 20 kuma iyayengiji aka ba, bayin ko sisin kwabo. Kar ki tsallake Haiti, inda bayi suka tashi a 1791 har suka kafa ƙasarsu a 1804.

Amsa ta 3: Anti, ki gaya musu akwai Hausawa cikin bayin da suka yi bore a Bahia ta Brazil a 1814. Nan take ajin zai farka. Brazil ɗin ba ta saki bauta ba sai 1888.

Amsa ta 4: 'Yata, duk sun faɗi daidai, amma kada ki nuna wa yara kamar a ƙetare kaɗai aka yi abin. Mu ma an yi kasuwar bayi da rinji (ƙauyen bayi masu noma) da murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa) a nan. Lugard ya ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Ki ware wa wannan darasinsa daban, minti 40 ba za su ɗauke duka ba. Kuma ki ja musu kunne tun farko, ban da kiran sunan gidan kowa ko tonon asali, kin san halin yara da gori.