Sitikar madubin leƙe: kafin fentin ƙarshe ko bayansa?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa ƙaramin samfurin roba na tankar yaƙi Abrams M1A2 mai ma'aunin 1/35, na gama fentin launin yashi, saura ƙura da fentin ƙarshe mara sheƙi. Madubin leƙen nata, wato gilasan da na cikin tanka ke hango waje ta cikinsu, ba garai-garai suke ba, roba ce toka a jikin tankar. Na sayi sitikar kamfanin AFV Club mai walƙiyar ja da shuɗi. In liƙa yanzu ko in jira ƙarshe? Takarda ɗaya gare ni.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Bar sitika. Shafa jan fentin Tamiya X-27 mai garai-garai ta bayan gilashin, ka bi da ruwan azurfa, ka rufe gaban da tef.

Baban Ummi: Injiniya, ai babu gilashin, shi ne na faɗa.

Malam Tanko: Kada ka kuskura ka liƙa yanzu. Wata huɗu na yi a kan tankar Leopard 2 tawa. Na liƙa sitikar wani kamfani ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, dare biyu, har idona na ruwa. Da na fesa fentin ƙarshe, duk suka dushe kamar idon mataccen kifi. Na ɗauko tina, ruwan tsinka fenti, da auduga in goge, tinar ta ci fentin gefen. Biyu suka ɓalle, na mayar da sufa gulu, tururinsa ya bar farin hazo har kan ƙofar kwamanda. Shekara biyu ke nan tana cikin kwali, ban iya kallonta ba.

Zee: Ayya Malam, sannu. Amma laifin sufa gulu ne. Farin gam kaɗan a bakin tsinken sakace ya isa. Nawa ma ko gam ban sa ba, suna nan daram.

Malam Tanko: Nawa a sati suka fara ɗaga baki.

Zee: A kan fenti mara sheƙi ka liƙa? Yana da kaushi, gam ɗin ba ya kamawa sosai. Ɗiga mai sheƙi a gurbin tukuna.

Injiniya: Zee, tanka nawa kika gama? Na ga jirage kike yi.

Zee: Uku, Yaya. Kai kuma ba ka karanta tambayar ba.

Ɗan Auta: Wanda ya ga sitikata ta uku da ta yi tsalle daga hantsaki jiya, don Allah ya miƙo, Malam Tanko zai ba da tukuici.

Kawu Bala: Ni abin da ke ɓata min rai shi ne ganin ja da shuɗin nan a kan tankokin Yaƙin Duniya na Biyu kamar Sherman ko T-34. Walƙiyar ta rufin da ake yi wa gilashin motocin yaƙi na zamani ce, har da na kare ido daga hasken leza, launin kuma yana sauyawa da inda ka tsaya. Na Yaƙin Duniya na Biyu ba su da shi.

Baban Ummi: Kawu, Abrams ce tawa. Na gwada guda ɗaya ba tare da na danna ba, ta fi gurbin faɗi kaɗan.

Malam Tanko: Ka gani ko! Kowace takarda an yanka ta ne daidai da samfurin kamfani guda. Duba bayan ledar. Kuma me ya hana masu yin samfuran su riƙa sa madubin garai-garai tun farko? Sun iya yi wa fitilun gaba.

Kawu Bala: Wasu suna sawa, sai dai da layin moli, wato shatin zubin roba, a tsakiyar gilashin. Wa ya taɓa kankare shi bai bar tabo ba?